Haƙƙin Ƙananan Hukumomin Nesa a Wuyan Gwamnatocin Jihohi



Sharhinmu na yau zai duba zaman da ke tsakanin gwamnatocin jihohinmu na Arewa da ƙananan hukumomi, musamman waɗanda Allah ya ajiye can nesa da fadar jiha. Ina nufin irin su Gudu da Tangaza a Sakkwato, da Machina da Yusufari da Yunusari a Yobe, da Abadam da Kala-Balge a Borno, da Birnin Gwari a Kaduna, da Borgu a jihar Neja, da Sardauna da ke kan tsaunin Mambila a Taraba. Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muhawara ta tsaya a kan abu guda: hannun wa kuɗi zai shiga? Tambaya ce mai nauyi, sai dai akwai wadda ta kamata ta biyo bayanta. In gwamna ya saki jakar kuɗi, me ya rage a wuyansa game da mutumin da ke ƙauyen bakin iyaka? Amsata ita ce, abin da ya rage ya fi wanda aka karɓe yawa, kuma shi ne ainihin aikin da aka zaɓe shi ya yi.

Mu ɗan waiwaya baya. Kafin zuwan Turawa, hakimai da yawa a masarautu irin su Kano a cikin birni suke zaune, kusa da fada, jakadu ne ke zirga-zirga tsakaninsu da garuruwan da suke riƙe da su. A shekarun farko na mulkin mallaka aka tsara gundumomi, aka ce kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa ya zauna. Aka buɗe baitulmali, aka fara da Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Mulkin En'e yana da zaluncinsa, kuma iyayenmu da suka sha ɗaurin haraji da jangali ba su manta ba. A kan haka jam'iyyar NEPU ta yi gwagwarmaya, a kan haka kuma Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Amma duk da aibinsa, tsarin ya gane abu ɗaya: mai mulkin wuri a wurin yake kwana. Dubagari da malamin asibiti da malamin daji da malamin gona, talaka ya san fuskarsu, ya san ƙofar gidansu.

A 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, aka yi wa tsarin garambawul, ƙananan hukumomi suka zama mataki na uku na gwamnati da fasali iri ɗaya a duk ƙasa. Yau muna da 774, kuma 413 daga ciki suna jihohin Arewa 19. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Ya kuma lissafa ayyukansu: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Duk abin da ke taɓa talaka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana cikin wannan jeri.

Kuɗi ma an tanada. A rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A harajin kayan masarufi kuwa suna da kashi 35. To ina gizo ke saƙa? A sashe na 162, wanda ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Manufar ita ce jiha ta zuba nata gudummawar a ciki, sannan a raba. Abin da aka wayi gari ana yi shi ne, duk wata a zauna a babban birni, a cire albashin malaman firamare, a cire fansho, a cire kason masarautu, a cire na horar da ma'aikata, a cire na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Wasu cire-ciren suna kan doka kuma suna da amfani. Amma na ƙarshen nan ƙofa ce da aka buɗe ba a sa mata marfi ba. Da kuɗin ƙauye aka gina gadojin sama da yawa a birane, ciyaman kuwa ya koma gida da abin biyan albashi da ɗan kuɗin mai.

Ku zo mu ga yadda wannan ke sauka a ƙasa. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a wani ƙauye da ke tafiyar awa biyu a kan babur daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin da ya mutu a ciki bai wuce roba ko sanda ɗaya ba, gyaran yini guda. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya nemo kansila. Kansila ya rubuta takarda ya kai sakatariya, ya tarar da ofishin ayyuka a kulle, masinja kaɗai ke zaune a gindin darbejiya, domin sai ƙarshen wata ma'aikata ke leƙowa. Da takardar ta isa gaban ciyaman, sai ya ce ba shi da ikon kashe kuɗin sai da amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Takarda ta kama hanyar birni, ta shiga layi. A tsawon watannin nan 'yan mata sun bar makaranta sun koma ɗaukar jarka, gari ya koma shan ruwan tafki tare da dabbobi, damina ta faɗi, amai da gudawa ya shigo. Daga nan sai ka ga jerin motoci daga birni an kawo ɗauki, a kashe ninkin-ba-ninkin abin da gyaran famfon zai ci. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa ƙauyen nan sharri. Tsari ne ya ɗauke yanke shawara daga inda matsala take ya kai ta inda ba a jin ƙishirwar. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun kai makullin ɗakin wani gari.

An yi ta ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu. Daga baya Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36 gaban Kotun Ƙoli. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin: kuɗin ƙananan hukumomi ya tafi hannunsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Hukunci ne na adalci, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma mun ga abin da ya biyo baya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Jihohi suka ruga suka shirya zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ta cinye du. A Oktoban 2024 APC ta ɗauke kujeru 23 na Kaduna, NNPP ta ɗauke 44 na Kano. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, ko'ina haka abin yake. Ciyaman ɗin da ya san daga gidan gwamnati aka rubuto sunansa, ko a aljihunsa aka zuba kuɗin, ya san inda zai mayar da godiya.

Akwai kuma wata gaskiyar da masu fafutukar 'yancin ƙananan hukumomi ba su cika son a faɗa ba. Sakin kuɗi shi kaɗai ba zai wadatar da ƙaramar hukumar da ke nesa ba. Malaman firamare sun tuna farkon shekarun 1990, lokacin da aka miƙa albashinsu ga ƙananan hukumomi, aka yi watanni ba a biya ba, makarantu suka rufe. Shi ya sa har gobe ƙungiyar malamai ke ɗari-ɗari da batun. Ƙananan hukumomi da dama a Arewa ba su da ko reshen banki ɗaya. Wasu ba su da ƙwararren injiniya ko akanta mai shaida. In jiha ta ce tunda kotu ta raba mu kowa tasa ta fisshe shi, to birane za su ci gaba, domin suna da kasuwanni da ma'aikata da manyan mutane masu magana a ji, na nesa kuwa su ƙara nitsewa. Saboda haka abin da muke nema wurin gwamna shi ne ya cire hannunsa daga jaka, ya sa shi a aiki.

Aikin farko shi ne zaɓe na gaskiya. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta, don haka alhakin sahihancinta a kansa yake. An taɓa gwadawa an gani: a 2018 Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, kuma 'yan adawa sun ci wasu kujeru. Jihar ba ta rushe ba. Ciyaman ɗin da ya san ƙuri'ar ƙauye ce ta kawo shi, kuma ita za ta iya kore shi, ba sai an roƙe shi ya gyara famfo ba.

Na biyu, ma'aikata. Manyan ma'aikatan ƙananan hukumomi, hukumar kula da su ta jiha ce ke ɗauka, ita ke yi musu canjin wurin aiki. Kowa ya san yadda ake yi: wanda ke da uwa a gindin murhu a bar shi kusa da birni, wanda ya yi laifi ko ba shi da kowa a jefa shi bakin iyaka. Da haka ƙauyen da ya fi buƙatar ƙwararre ya zama wurin horo. Jiha na da ikon juya wannan. A sa alawus na musamman mai tsoka ga duk wanda ya yarda ya zauna a yanki mai wuyar shiga, a gina masa gida mai ruwa da hasken sola, a sa shekarun da ya yi a can su zama sharaɗin ƙarin girma. Mafi ɗorewa kuma, a ɗauko 'ya'yan yankin, mata musamman, a ɗauki nauyinsu a makarantun koyon aikin jinya da unguwarzoma da kwalejojin ilimi, bisa alkawarin za su koma gida su yi aiki. 'Yar gari ba ta gudu ranar Alhamis ta dawo Talata. Ta fannin kuɗi kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ware kashi 2, amma kason ilimin ba ya fita sai jiha ta ajiye nata. Duk jihar da ta yi sakaci da wannan, ajin ƙauye ne ke zama ba rufi.

Na uku, bincike da bayyana gaskiya. Kada mu yaudari kanmu, ciyaman ma ɗan Adam ne, kuma kuɗi in ya zo ba mai dubawa, ɓarnar da ake yi a birni ce za ta rarrabu gida-gida. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi. A ba shi ma'aikata da motoci da 'yancin aiki, a buga rahotonsa kowa ya gani, majalisar dokoki ta zauna a kansa a bainar jama'a. Tun zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ta riƙe ma'aikatar kuɗi karo na farko aka fara buga kason kowace ƙaramar hukuma a jaridu. Amma jarida ba ta zuwa Gudu. A liƙa alƙaluman a ƙofar sakatariya da ƙofar hakimi, da boko da ajami, a karanta su a rediyo da Hausa da Fulfulde da Kanuri: ga abin da ya shigo a watan nan, ga abin da aka yi da shi. Ranar da mai sayar da goro a kasuwar ƙauye ya san adadin, ranar kansila zai fara shirya amsa.

Na huɗu, abubuwan da suka fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Rann, hedikwatar Kala-Balge, in damina ta yi nisa ruwa kan yanke ta daga sauran Borno na tsawon watanni. Babu kasafin ƙaramar hukuma da zai gina hanyar da za ta jure wannan. Haka hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda aka yi shekaru sai da rakiyar jami'an tsaro ake bin ta. Hanya, tsaro, layin waya, burtali da mashayar da suka ratsa ƙananan hukumomi uku ko huɗu, nan ne wurin aikin haɗin gwiwa na gaskiya, wanda jiha da tarayya za su sa kuɗinsu, ba su ɗebi na ƙauye ba. Doka ma ta ce jiha ta bai wa ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta na cikin gida. Mu tambayi gwamnoninmu, wa ke biya? Kuma in za a raba, a yi la'akari da nisa. Buhun siminti kafin ya hau tsaunin Mambila ko ya ratsa rairayin Yusufari ya ƙara kuɗi. Raba daidai tsakanin na kusa da na nesa ba adalci ba ne.

Kada wani ya ɗauka wannan batu ne na jin daɗi kawai. Inda hukuma ta janye, wani ne ke shigowa ya zauna. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa masu ɗauke da makamai a Sakkwato da Kebbi, alhali mutanen Tangaza da Gudu sun yi shekaru da saninsu. Rahotanni sun nuna cewa da farko wasu al'ummomin sun karɓe su ne don neman kariya daga ɓarayin shanu, da suka rasa mai kare su. Daga baya baƙin suka koma karɓar zakka da ƙarfin bindiga, suna yanke hukunci. A gabashin Sakkwato da sassan Zamfara, 'yan bindiga kan ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka ko girbi. Karɓar haraji da yanke hukunci da ba da kariya aikin hukuma ne. Duk sakatariyar da aka bari a kulle, sanarwa ce ga miyagu cewa wurin ba mai shi.

Shi ya sa batun zama a wurin aiki ya wuce a ɗauke shi ƙaramin abu. Borno ta ɗanɗana wannan fiye da kowa. Rikicin Boko Haram ya sa shugabannin ƙananan hukumomi da yawa suka koma gudanar da mulki daga Maiduguri. A 2015 Gwamna Kashim Shettima ya kafa ma'aikatar sake gina garuruwa da mayar da 'yan gudun hijira, Babagana Umara Zulum ya zama kwamishinanta na farko. Aka shiga sake gina sakatariyoyi da asibitoci da makarantu, mutanen Baga suka fara komawa a 2020, a ƙarshen shekarar kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi bayan fiye da shekara goma ba a yi ba. Aikin bai ƙare ba, hare-hare ba su daina ba, kuma akwai masu sukar saurin mayar da jama'a, sukar da ta cancanci a saurara. Amma darasin a fili yake: mutane ba sa yarda gari ya zaunu sai sun ga hukuma ta dawo ta kwana tare da su. To in a inda ake yaƙi ana ƙoƙarin mayar da ciyaman gida, wane uzuri ne ga wanda garinsu lafiya lau, amma iyalinsa da ofishinsa na zahiri suna babban birni?

Sai kuma sarakuna. Kundin 1999 bai ba su wani aiki a rubuce ba, amma a ƙauyen nesa mai unguwa ko bulama shi ne hukumar da ba ta tashi daga aiki. Shi ya san baƙon da ya sauka jiya, da gonar da ake jayayya a kanta, da matar da ta haihu. Yaƙi da cutar shan inna ya tabbatar da haka. Bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sai jiha da ƙaramar hukuma da masarauta suka zauna a tabarma ɗaya, aka lissafa kowace unguwa da kowace ruga, aka bi su gida-gida, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ƙasar da ta iya kai ɗigon rigakafi da sanyinsa har rugar da mota ba ta zuwa, ba za ta ce ba ta san hanyar kai alli da maganin zazzaɓi can ba. A ba masu unguwanni da dagatai ɗan albashin da zai riƙe mutuncinsu, a sa su cikin kwamitin raya mazaɓa tare da limamai da mata da matasa da makiyaya, a kuma daina tuɓe su da naɗa su saboda siyasa.

Mu ma masu saurare muna da namu. Yawancinmu mun san sunan shugaban ƙasa da na gwamna, amma ba mu san sunan kansilanmu ba, sai ranar da muke neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Ku neme shi. Ku tambaye shi yaushe majalisarsu ta zauna, me aka sa wa mazaɓarku a kasafin bana. 'Ya'yan ƙauye da suka yi karatu suka zauna a birni, ƙungiyoyin ci gaban garuruwanku su wuce taron sallah da rabon kalanda, su riƙa bin sawun kuɗi da ayyuka.

Ga gwamnoninmu kuwa, kira ɗaya ne. Ku bi hukuncin kotu ba tare da neman wata ƙofar baya ta majalisar dokoki ba. Sannan ku ɗauki mazaɓar da ta fi kowace nisa da gidan gwamnati ku mayar da ita ma'aunin aikinku: ko akwai malami a aji ranar Litinin, ko akwai unguwarzoma a asibiti da tsakar dare, ko ciyaman yana gari, ko manomi zai je gona ba tare da ya biya ɗan bindiga ba. Mutanen can sun yi layi a rana sun jefa ƙuri'a kamar kowa, da yawansu ake lissafa kason da ke zuwa daga Abuja, kuma su ne ke zaune a bakin iyaka suna tsare wa ƙasa ƙofa. Haƙƙinsu amana ce a wuyanku, kuma za a tambaye ku a kanta, a akwatin zaɓe da kuma gaban Allah.